Tumfafiyar Amumun

Amumun mutumin duwatsun Abzin ne, daga wani ƙauye a bayan Timiya inda raƙumi ke jan guga daga rijiya, ruwa ya bi ƙananan hanyoyi ya shiga cikin alkama da albasa. Da ƙuruciya ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma. Da ya girma ya gaji garkar mahaifinsa, wato lambun rijiya, ya zauna. Shekarar babban fari ruwan rijiyar ya yi ta sauka, shi kuma ya yi ta bin sa da haƙa, har ranar da guga ya hau cike da busasshen yashi. Raƙumin ya tsaya ya dubi yashin, ya dubi Amumun. Ba a jima ba aka sayar da shi.

Matarsa Dassin ta naɗe tabarmin bukkarta, da yake a wurinsu ɗaki na mace ne, ta ce ita dai Arlit za ta, mai son kwana a inuwa ya biyo ta. Ya biyo ta.

Arlit gari biyu ne a lokacin. Akwai unguwar kamfanin ma'adinai da ake kira Site, mai katanga da fitilu da famfo a kowane gida. Akwai kuma Bukkoki a bayan katangar, inda waɗanda fari ya koro suka kafa ɗakuna da kwali da tabarma da tsofaffin ganguna da aka fasa aka miƙe. A nan Dassin ta kafa bukkarta. Famfon da ya fi kusa da su yana can wajen kasuwa, mace kan tafi da hantsi ta dawo da la'asar da bidon ɗaya, wato jarkar ruwa, a kai.

Amumun ya je neman aiki wurin Zayyadu, wani Bahaushen Damagaram da ke shugabantar masu lambun Site. Zayyadu ya nuna masa wani tsiro mai jan fure ya ce, "Buzu, ka san wannan?"

"Me ake ci a jikinsa?"

"Ba a cin komai."

"Akuya fa?"

"Ranar da akuya ta taɓa shi, ranar ka bar aiki."

"To me yake yi?"

"Tsayawa yake yi a gan shi."

Amumun ya daɗe yana kallon furen, sannan ya ce, "Kamar ku manya ke nan, Shef."

Zayyadu ya yi dariya har ya dafa bango, ya ɗauke shi aiki.

Aka ba shi gidan ƙarshe, wanda ke jingine da katanga. Matar gidan annasara ce, Madam kawai ake ce mata. Tana da ciyawa a tsakar gida wadda ake shayarwa ta yi tsawo, in ta yi tsawo a aske ta, a zubar da askin, a sake shayar da ita. Amumun bai taɓa tambayar dalili ba. Ya ga dai mutanen da suka bar ƙasarsu suka zo haƙa dutse a cikin hamada, ba a rasa su da wasu al'adu. Ban da ciyawa akwai buganbil mai hawa bango, da loriye mai dogon ganye, da wani mai faffaɗan fure kamar na kuɓewa. Ya shayar da su duka da gaskiya, ya cire duk abin da Madam ta nuna da yatsa. Abin da ta fi nunawa wata tumfafiya ce da ke fitowa a bayan ɗakin girki. Ya tumɓuke ta, ta fito. Ya haƙe saiwarta, ta fito a gefe. Shekara da shekaru suna haka shi da ita, har ya zama in bai gan ta ba da safe yakan leƙa.

Sai farashin abin da ake haƙowa ya faɗi a ƙasashen da ke sayensa. Motocin da ke kai ma'aikata rami suka ragu. Annasara suka fara ɗaure akwatuna. Madam ta tafi da kyanwarta, ta ce wa Amumun ya kula da furanni kafin ta dawo. Ba ta faɗi rana ba.

Gidaje suka yi ta zama babu kowa, kamfani kuwa ba ya son baƙi su zo su ga unguwa ta mutu. Sai aka kafa doka: gidan da ba kowa, in akwai fure a ƙofarsa, gida ne mai rai, a bar masa famfo da mai lambu. In furen ya mutu a cire famfon, mai lambu ya kama gabansa.

Dassin ce ta fara lura cewa bukkarta da famfon Madam katanga kaɗai ta raba su.

"Kana ba ciyawa ruwa a can, ni ina wanke wa 'ya'yanka fuska da yawu a nan," in ji ta.

"Ruwan kamfani ne."

"Kamfani ne ke sha? Ka taɓa ganin sa ya sunkuya?"

Washegari da rana ta take, lokacin da Site duka ke ƙailula, bakin tiyo ya leƙo ta kan katanga. Dassin ta cika bidonta. Maƙwabciyarta ta gani. Kafin wata ya ƙare layin mata ya kai har bukkar mai gyaran takalma. Zayyadu ya sani. Ya zo ya tsaya ya bi tiyon da ido daga famfo har kan katanga, ya ce, "Buzu, wannan furen naka na bayan bango yana goyon yara."

"Iri ne mai wuyar samu, Shef."

"Ni dai ƙofar gida nake duba. In na ga fure, ban ga komai ba. In ban ga fure ba, sai in ga komai."

To, ruwan ba ya isa biyu. Da aka shiga shekarun tawaye abin ya ƙaru, domin mutanen daji sun yi ta kwararowa gari, ana kuma sakin ruwan ɗan lokaci kaɗan a yini. Ko mata su sha, ko furanni. Kuma in furanni suka mutu matan ma ba za su sha ba. Amumun yana bukatar fure mai tsayawa a gan shi ba tare da ya sha komai ba. Hanyar Agadez kuwa sai da rakiyar soja, babu mai ɗauko maka dashe daga kudu.

Sai ya yi abin da ya sani. Mutanen ayari ba sa zaɓen raƙumin Bilma don kyan wuyansa. Hana shi ruwa ake yi, a je a dube shi da tsakar rana a ga yadda yake tsaye. Amumun ya hana furannin Madam ruwa, kullum da azahar ya zo ya tsuguna gabansu yana kallo.

Ciyawa ce ta fara tafiya, ba ta ko yi sallama ba. Mai furen kuɓewa ya sunkuyar da kai kamar an yi masa rasuwa, ya bi ta. Loriye ya yi ta maza har Amumun ya fara ganin girmansa, sai ya gano saiwarsa ta lallaɓa ta kai gindin famfo tana shan ɗigo a ɓoye. Ya toshe ɗigon, loriye ya zube. Buganbil ya fi su hali. Da ya ji ƙishirwa ma sai ya ƙara ja, kamar mai fushi. Amma shi ma da zafi ya kai zafi ya kaɗe ganye, ya bar ƙaya.

Ranar da Amumun ya tabbata duk sun faɗi, ya zaga bayan ɗakin girki don ya zauna a inuwa ya yi tunani. Ya tarar da inuwar ta tumfafiya ce. Ta kai ƙirjinsa, ganyenta fatar-fatar, ga furanni farare masu bakin shuɗi tsubi-tsubi a kanta. Tun da aka gina gidan babu wanda ya taɓa ba ta ko kurɓi.

Ya gaishe ta. Haka aka ce.

Ya sari rassanta ya kafa a ƙofar gida, suka kama. Ya yi musu aski irin wanda Madam ke so, kai zagaye kamar ƙwarya a kife. Ya shafa wa gindinsu farar ƙasa, ya jera musu duwatsu. Zayyadu ya zo zagaye, ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai.

"Buzu, tumfafiya ce fa. Ta juji. A garinmu a gindinta ake zubar da toka."

"Fure ne ko ba fure ba ne?"

Zayyadu ya sunkuya ya duba. "Fure ne."

"Yana tsaye ana ganin sa?"

"Allah ya shirye ka," in ji Zayyadu, ya wuce.

Haka aka zauna lafiya. Famfo na Bukkoki, ƙofar gida ta tumfafiya. Amumun ya shiga son ta irin son da mutanensu ke yi wa raƙumar da ta kai su Bilma ta dawo da su. Yakan share mata ƙura daga ganye da gefen rawaninsa. Dassin ta ce da ta san haka yake da ladabi ga wadda ba ta roƙon komai, da ita ma ta yi shiru tun farko.

Sai kamfani ya aiko wani sabon annasara wanda aikinsa rage kashe-kashe. Ya rage fitilu, ya rage motoci, ya rage sukarin shayin ma'aikata, har aka sa masa suna Mushe Almakashi, da yake Mushe ake ce wa annasara namiji. Wata safiya ya fito zagayen gidajen da ba kowa, Zayyadu na biye da shi yana yi masa tafinta. Gida bayan gida fure ya bushe, shi kuwa yana nuna famfo da yatsa a cire. Da suka iso gidan ƙarshe ya ja ya tsaya. Bai daɗe a ƙasar ba, kuma bai taɓa ganin tumfafiya da aski ba. Ya zagaya ta, ya taɓa ganyen, ya yi magana mai tsawo.

Zayyadu ya juyo fuskarsa cike da murna. "Ya ce bai ga mai kyanta ba a Site duka. Ya ce amma mai ganye haka da gani mashayiya ce, kullum bakinta a ruwa kamar saniya." Ya ƙifta wa Amumun ido. Abin da ake so ke nan. In mai lambu ya gyaɗa kai kawai, famfo ya zauna har abada.

Amma a Abzin ba a ce wa dabbar mutum saniya a gabansa. Saniya ita ce wadda in ta kwana ba ta sha ba sai ta cika gari da kuka. Duk abin yabo a wurinsu, raƙumi ne ko namiji, da haƙurin ƙishirwa ake yabon sa. Amumun ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji. Kalmomin Faransanci da ya tsinta a gidan Madam ba su da yawa, amma akwai wadda ta isa: jame, wato ko sau ɗaya.

"Jame, Mushe," in ji shi. Ya nuna famfo, ya nuna tumfafiya, ya kaɗa yatsa. "Jame. Ba ta taɓa sha ba."

Zayyadu ya taka masa ƙafa. Amumun ya janye ƙafar ya ci gaba. Ya ce ko shekara za a yi ba za ta roƙa ba. Ya ce da tana da ƙafafu da ta je Bilma ta dawo ba ta dubi rijiya ba. Zayyadu ya ƙi fassarawa, amma Mushe Almakashi ya riga ya ji kalmar da ya fi so a duniya. Idonsa ya yi haske. Ya ce a sa wa famfon kwaɗo har ƙarshen wata. In ya dawo ya tarar da ita da furenta, za a dasa irinta a kowane gida, a cire famfunan lambu duka. In ta yi yaushi, a buɗe. Ya sa mabuɗin a aljihu ya tafi.

Da azahar mata suka yi layi a bayan katanga, tiyo bai leƙo ba.

Dassin ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa bidon wofi a inda ta saba ajiye masa abinci, ta zauna tana kallon sa.

"Ya ce mata saniya," in ji Amumun.

"Ni ya ce mini jaka ma, in dai zai bar famfon."

"Ba ki ji yadda ya faɗa ba."

"Mutuncin tumfafiya ka tsare. Madalla. Gobe sai ka tatso mana nononta mu dama fura, mu makance gaba ɗaya."

Babu abin da ya rage sai tumfafiya ta yi yaushi kafin ƙarshen wata, kuma ya zama kamar ƙishirwa ce ta kama ta. Sara ba zai yiwu ba, za a gani. Amumun ya ɗauko ɗan gishirin Bilma da yake ɓoyo tun ƙuruciya ya binne a gindinta. Ta fitar da sabon ganye. Zayyadu ya kawo gazwal, man manyan motoci, a kwalba daga garejin kamfani, suka tsiyaya mata. Ta ƙara fure. Wata tsohuwa ta kawo toka da barkono. Tumfafiya ta yi 'ya'ya, manya-manya kamar kumburarren kunci, suna fashewa audugarsu na tashi tana sauka a gidajen maƙwabta.

"Wannan ba itace ba ce," in ji Zayyadu. "Buzuwa ce. Duk abin da aka yi mata sai ta ce lafiya lau."

Dassin kuwa ta lura mijinta yana zuba gishirin nesa da saiwa kaɗan. Ta tare shi a bakin bukka.

"Ka san abin da ke kashe ta."

Ya gyara rawani.

"Amumun. Shekarunka nawa a garka? Ka sani."

Ya dubi ƙasa. Sannan ya ce a garkar mahaifinsa tumfafiya kan fito ko'ina, a kan dutse ma, amma bai taɓa ganin ta a bakin hanyar ruwa ba. In ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar ruɓewa take yi.

"Ruwa," in ji Dassin.

"Ruwa. Mai yawa."

Ta yi dariyar da ba ta yi ba tun barinsu ƙauye, har ta share hawaye. Sannan ta tashi ta shiga bukka-bukka.

Mai gadin ƙaramar ƙofar Site wani tsohon Babarbare ne, Gaji. Washegari da rana ta take ya ɗaga kai ya ga mata jere, Dassin a gaba, kowace da bidon cike a kai, daga famfon kasuwa suke inda suka yi sammako tun asuba, sun nufo shi. Ya miƙe ya riƙe sandarsa.

"Uwar gida, ina zuwa?"

"Ciki, Baba Gaji."

"Da me?"

"Ruwa."

"Ciki ne ake da ruwa. Ku ne ba ku da shi."

"To mun kawo musu."

Gaji ya yi tunani. An ce masa kada ya bar kowa ya fita da kayan kamfani. Soja kuma sun ce duk wanda aka gani zai kai ruwa daji a tsare shi, kada ya kai wa 'yan tawaye. Mai kawo wa masu famfo ruwa daga unguwar da ba famfo, babu wanda ya gaya masa yadda za a yi da shi. Ya koma ya zauna.

"Ku dai fito da bidon wofi," in ji shi. "In na ga ɗigo a ciki, sata ce."

Haka aka yi ta yi kullum. Matan da suka saba kwasar ruwa daga gidan Madam suka koma kai masa. Suka rage sha, suka rage wanka, ruwan wanke-wanke ma ba a zubar ba. Amumun da kansa yake karɓar bidon ya juye a gindinta, ya rufe da busasshen yashi kada a ga danshi. Ba ya kallon ganyen in yana zubawa.

Da farko ta yi kamar ba ta ji ba. Daga baya ganyen ƙasa suka yi rawaya. Furanni suka fara zuba. Kan nan mai kama da ƙwarya ya saki, rassa suka rataya. Mata suka yi guɗa a hankali don kada a tashi masu ƙailula. Amumun ya zaga bayan ɗakin girki.

Ƙarshen wata Mushe Almakashi ya dawo. Ya tsaya gaban tumfafiya, ya ɗaga wani reshe ya sake shi, ya faɗi. Ya matsa kusa, sai takalminsa ya nutse cikin yashi har idon sawu, ya fito da laka. Zayyadu ya dubi sama kamar mai neman hadari. Mushe ya dubi takalmin. Ya dubi katanga, inda kawunan mata suka yi saurin sauka. Ya goge lakar a jikin ɗaya daga duwatsun da aka jera, a hankali, har ta fita tas. Abin da ya gane da wanda bai gane ba, bai gaya wa kowa ba.

Ya juya ga Amumun. "Jame?" in ji shi.

Zayyadu ya kafe Amumun da ido. A bayan katanga ko yaro bai yi tari ba. Amumun ya dubi tumfafiya, wadda shekara da shekaru ba ta roƙe shi komai ba, ga ta tsaye cikin laka. Ya ja amawali har ƙarƙashin idanu.

"Tana sha," in ji shi.

"Ƙara murya, Buzu, bai ji ba."

"Tana sha, Shef. Kullum. Kamar saniya."

Wannan karon Zayyadu ya fassara har da ƙari. Mushe Almakashi ya ciro mabuɗi ya buɗe kwaɗon, ya ce a riƙa ba ta sosai, kada a yi mata rowa.

Da azahar tiyo ya leƙo ta kan katanga. Daga ranar tumfafiya ba ta sake ganin ɗigo ba, cikin ɗan lokaci kuwa ta miƙe, ta yi ganye, ta cika da fure fiye da da. Mushe kan biyo da baƙi ya nuna musu ita, ya ce su dubi abin da ruwa ke yi.

An yi sulhu, hanya ta buɗe, Mushe ya tafi, Madam ba ta dawo ba. Famfon ya shayar da wannan gefen na Bukkoki har lokacin da aka ja musu nasu. Amumun ya tsufa ya bar aiki. Masu sabon gida sukan zo su tambaye shi wane fure za su dasa wanda zai jure Arlit. Yakan ce buganbil, in akwai ruwan wanki da za a riƙa zuba masa. Loriye kuma sai gidan da ba yara ba akuya, don dafi gare shi. In aka ce tumfafiya fa, sai ya tambayi mutum lafiyar iyalinsa.

Hanyar masallacinsu ta gaban gidan ƙarshe ta bi. Duk sanda ya zo daidai ƙofar yakan ja amawali ya kau da kai ya yi sauri, yadda mutanensu ke yi in sun haɗu da surukuwa a hanya. Dassin ta ce masa ai itace ba ya riƙo.

"Ba ki san ta ba," in ji shi.